Wutar da Ta Dawo da Ƙafa

Ranar da motar haƙa kwalbati ta tsinke faiba a kan hanyar Tungan Magajiya, rabin Kontagora ya wayi gari babu sabis. Sai ka ga babban mutum da babbar rigarsa ya ɗaga waya sama yana zagaya ƙofar gidansa, kamar sabis ɗin tantabara ce da za ta sauko masa a hannu. Kowa ya tsine wa kamfanin waya, ba wanda ya tsine wa direban motar, don ba su san abin da ke binne a gefen titin ba. Zaren gilashi ne, kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, guda goma sha biyu a cikin baƙar roba ɗaya, kowanne da launin rigarsa. Haske ne ke gudu a cikinsu, ɗauke da gaisuwa da gulmar gari duka.

Mutum biyu wannan tsinkewar ta hana karyawa, kuma daga gida ɗaya suka fito. Khairat ce ke kula da ɗakin na'urori na kamfanin, wani ɗaki mai sanyi marar taga inda zarurrukan suke shigowa daga ƙarƙashin ƙasa. Mahaifinta kuwa, Malam Na'Allah, shi ne mai haɗa zare idan ya tsinke. Ya fara aiki tun zamanin wayar jan ƙarfe da hawa turke, kuma a kan turken ne wata waya ta ɓalle ta tsiyaye masa idon hagu yana saurayi. Da ido ɗaya ya koyi faiba, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya kai ta biyar makarantar kimiyya har ta dawo ana ce mata Injiniya. Shi da kansa yake tsokanar abin. Idan masu ido biyu suka tsaya gardamar wanne ne fari wanne ne toka-toka a cikin inuwa, sai ya miƙa hannu ya ce, "Ku kawo nan, naku sun yi muku yawa ne." Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: ba ya yarda kowa ya zauna masa ta hagu. Ko sarkin gari ne kai, sai ya taso ka ya maido ka dama inda zai gan ka.

Aibinsa, idan za a faɗi gaskiya, ba ya rubuta komai. Ba don bai iya ba. Duk ramin da ya haƙa, duk haɗin da ya yi daga Kontagora har ƙarshen layi, babu ko ɗaya a takarda. Ka tambaye shi ina taswira, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da ɗan yatsa ya ce a nan take, kuma gara ba ta ci.

Suna da wata dabara da suka daɗe suna aiki da ita. Idan faiba ta tsinke sabis yakan tafi da ita, don haka na ofis ba ya iya kiran na daji. Sai na ofis ya jona wata 'yar tocila mai jan haske a bakin zare ɗaya, ta yi ta ƙiftawa minti biyar. Na daji ya nemi zaren da ke ƙyalli ja, ya tabbatar shi ne, sannan ya jona tasa tocilar ya amsa. Da rana tsaka jan hasken ba ya fitowa sosai. Wani lokaci Malam Na'Allah ya cire hularsa ya cusa bakin zaren a ciki ya yi masa duhu. Wani lokaci kuma ya kara shi a idonsa kai tsaye, da ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa. Shekara da shekaru yana haka, ko ƙaiƙayi idon bai taɓa yi ba, domin hasken da ke bin layin a da bai kai ya dami sauro ba.

Sai bara aka kawo sabuwar na'ura mai ƙara wa haske ƙarfi, don ya yi nisa ba tare da ya gaji a hanya ba. Haskenta ba a ganinsa. Ba ja, ba fari, ba komai, amma idan ka kara takarda a bakin zaren sai ta yi hayaƙi. Malam Na'Allah ya raɗa mata suna murhu. An yi ta ne da wani makulli da zai kashe ta da kansa idan layi ya yanke, amma layin Kontagora ya sha faci har ya gaji, makullin ya riƙa kashe ta sau uku a rana ba gaira ba dalili. Masu kafa ta suka gaji da zarya daga Abuja, suka cire shi, suka kama hanya.

Wannan murhun ne Khairat ta tare mahaifinta a kansa da safen nan, yana ɗaure akwatin injin haɗi a bayan babur.

"Baba, ka saurare ni da kyau. A shuɗin zare zan haska maka. Ruwan goro shi ne ke kan murhu. Kada ka kalle shi, kada ka taɓa bakinsa. Ka rufe shi da baƙin salatif ka ture shi gefe."

"To, Injiniya. Ba za ki kashe murhun naki ba?"

"Ba a ba ni izini ba, Baba."

Ya ɗan dube ta da idon nan ɗaya, ya buga babur ya tafi.

Maganar izini kuwa kwalliya ce kawai ta yi wa abin. Tsoro ta ji. Wata biyu da suka wuce ta taɓa kashe na'urar don wani ɗan gyara, na'urar ta yi kememe ta ƙi tashi, gari ya kwana biyu a rufe kafin a turo mutane. Aka aiko mata takardar gargaɗi mai layi uku, na ukun yana cewa idan ta sake kashewa ba da umarni ba ta nemi wani aikin. Yau kuma babu sabis ɗin da za ta nemi umarnin da shi. Ta ce wa kanta ai ta gaya masa launin, kuma Baba ba yaro ba ne.

Ƙarfe tara da kwata ta cire igiyar da aka rubuta wa shuɗi, ta jona jar tocila. Ta ƙirga minti biyar, ta cire, ta kara farar takarda a bakin igiyar tana jiran amsa. Shiru. Ta ce ƙila bai gama feɗe robar ba. Ta sake jonawa. Ta ce ƙila ya tsaya gaisawa da manoma, don Baba ba ya wuce mutum a gona bai tambayi lafiyar dawa ba. Zuwa ƙarfe goma ta daina nema masa dalili. Sanyin ɗakin da ta saba jin daɗinsa ya fara shiga mata ƙashi, ga kuma zufa a tafin hannunta, har farar takardar ta yi laushi.

Goma da rabi ta wuce, Benjamin ya turo ƙofa. Shi ne mai kula da janareto, dattijo ne mutumin Salka, ya fi shekara goma sha biyar a wurin, kuma kullum yana da uzurin da zai shigo da shi ya sha sanyi.

"Injiniya, tsohon bai amsa ba har yanzu?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ta ga ba ita yake kallo ba. Ƙasan bango yake kallo, inda baƙar robar ke shigowa daga waje ta rabu zuwa siraran igiyoyi masu launin ɗorawa.

"Yesu!" in ji shi. "Wannan mene ne?"

A cikin ɗaya daga igiyoyin akwai wani ɗigon haske, fari fat mai ratsin shuɗi, bai fi ƙwayar gero ba. Kuma tafiya yake yi. Ba gudu ba, ba tsayawa, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya iso inda aka naɗe ragowar igiyar a kan ƙugiya, ya bi naɗin ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kamar mai neman ƙofa, sannan ya fito ya miƙe sama ya nufi murhu. Igiyar da yake ciki an manna mata takarda an rubuta ruwan goro.

Khairat ta ƙura wa ɗigon ido. Ta san shi. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, a bidiyo, ranar da aka koya musu na'urar. Mai koyarwar ya ce idan haske ya yi ƙarfi haka, zaren da ya yi shekaru yana aiki lafiya zai iya cin amanarka a rana ɗaya. Bakinsa ya taɓa datti ko ƙyalle, sai ya kama wuta, wutar kuma ba waje take fita ba. Ciki take komawa, ta bi zaren tana cin hasken da ke zuwa, ta bar shi huje-huje a bayanta kamar karan da ƙwaro ya ci, har ta iso inda hasken ya fito.

Ba ta san lokacin da ta tsallake kujera ba. Ta danna makunnin na'urar da dukan tafin hannunta, ba ta tuna da takarda mai layi uku ba. Ɗigon ya mutu saura taƙi ɗaya ya shiga.

Ta tsaya hannunta a kan makunnin, tana lallashin kanta. Bakin zaren ne ya faɗa cikin laka. Ko salatif ɗin da ta ce ya rufe shi da shi ne ya kama. Ai shi ke nan, ruwan goro ne, kuma ta gaya masa.

"A wanne ne kika haska masa?" in ji Benjamin. Muryarsa ta canja.

"A shuɗi, Baba Benjamin. Ga shi nan a rubuce."

Dattijon ya ɗora hannu biyu a ka.

"Injiniya, ba a gaya miki zancen gada ba? Shekarar da ruwa ya cinye gadar bakin gari, ni na riƙe masa lema yana haɗi a cikin rami. Ya haɗa biyu a juye, shuɗi da ruwan goro. Kafin ya gane, ruwa ya cika ramin. Ya ce a bar shi haka, aka je can ƙarshen layi aka sauya filogi, layi ya tashi, kowa ya tafi gida. Daga gadar nan zuwa gaba, wanda ya fita nan a ruwan goro, a shuɗi yake isa."

An gaya mata. Sai yanzu ta tuna. Tana hutun makaranta, suna cin tuwo a tsakar gida, ya ba da labarin yana dariya. Ta ce, "Baba, don Allah ka rubuta wannan." Ya ƙwanƙwasa goshi. Ta yi dariya ita ma, ta ci gaba da cin tuwonta, shekara tara ke nan. Wurin da aka tsinke yau kuma yana gaba da gada. Da bakinta ta ce wa mahaifinta ya rufe zaren da jan haske zai fito, ya ɗauki wanda ke da wuta ya duba.

Sai wani lissafi ya faɗo mata, wanda ba ta nema ba. Mai koyarwar ya ce wutar tana tafiya ne kamar mutum a ƙasa, taku ɗaya a daƙiƙa. Daga nan zuwa wurin kilomita huɗu ne da 'yan kai. Tafiyar awa ɗaya da kwata. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, goma da minti arba'in. Wato tun tara da minti ashirin da biyar abin ya faru, lokacin tana zaune tana cewa ya tsaya gaisawa da manoma. Duk tsawon jiran nan wutar tana hanya, tana bin ƙarƙashin gonaki da gindin gada da ƙofar gidajen mutane, tana zuwa ta gaya mata.

"Ɗauko mashin," ta ce.

Babur ɗin Benjamin tsoho ne irin wanda sai an roƙe shi. Yau bugu ɗaya ya tashi. Suka ratsa gari, mutane na nan a bakin titi suna ɗaga wayoyi, wani ma ya gane rigar aikinta ya daka mata tsawa yana tambayar yaushe za su gyara. Ba ta ji haushinsa ba, ba ta ma da wurin ajiye haushi. Addu'a take yi, amma duk wadda ta kama sai ta tsinke a tsakiya, ta koma tana maimaita sunan Allah kawai.

Abu ɗaya ta riƙe, kuma a karatunta ta samo shi. Da zarar wutar ta kama ta juya baya, haske ya daina fita ta bakin zaren, domin wutar ce ke cinye shi a hanya. Idan hular ya fara cusa wa zaren, to ƙyallen ya kunna wutar, ko ya kara a ido bayan haka ba abin da zai same shi. Idan kuma idon ya fara. Nan tunanin yake tsayawa, ya koma farko.

Hula ko ido. Ta gan shi yana wannan aiki ya fi sau ɗari, tun tana ƙarama tana kai masa abinci bakin rami. Ta rufe ido ta nemo shi. Ga shi ya cire hula da hannun hagu. A'a, ga shi ya jawo gilashin daga wuyansa ya hura masa iska. Duka biyun ta gani, duka biyun gaskiya ne, ta kasa sanin wanda ke gaba.

"Baba Benjamin," ta ɗaga murya saboda iska, "hula yake fara sa wa ko ido?"

"Wani lokaci haka, wani lokaci haka."

"Idan akwai rana fa?"

Ya ƙara wa babur wuta. Ta ɗaga kai. An yi ruwa da asuba, amma yanzu sama ta washe tas, rana ta fito da ƙarfinta. Ta ce idan rana ta yi haka dole ya nemi duhun hula. Nan take wata zuciyar ta ce da tara da rabi akwai sauran hadari, da idonta ta gani lokacin da ta leƙa waje.

Suna tsallake gada suka tarar da shanu sun cika hanya, farare, suna tsallakawa ba sa sauri. Makiyayin ya ɗaga musu sanda yana ba da haƙuri. Khairat ba ta taɓa jin ta tsani dabba ba sai ranar. Ta ƙirga ƙahoni har ta rasa lissafi, ta ji kamar ta sauka ta ruga da ƙafa, sai ta tuna wutar ma da ƙafa ta zo, kuma ta ga abin da hakan ya ci na lokaci. Ta zauna tana cizon mayafinta har saniyar ƙarshe ta wuce.

Daga nesa ta hango motar haƙan a tsaye ba kowa a ciki, da tulin jar ƙasa, da babur ɗin mahaifinta. Ramin babu kowa. Can gefe, a gindin wata kaɗanya, wani mutum yana zaune a kan saiwa, kansa ba hula. Tunda take ba ta taɓa ganin furfurar kan mahaifinta a waje ba.

Ta diro tun babur bai tsaya ba, takalminta ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi.

"Baba!"

Ya ɗan juyo. Ya kare fuskarsa da hannu kamar mai kare rana.

"Injiniya. Kin bar wa wa ofis?"

Muryarsa ce, da tsokanarta da komai. Ta zube a gabansa, ya gyara zama ya ba ta gefe, ya miƙo mata hularsa. A tsakiyar ɗinkin akwai huji ƙarami, bakinsa baƙi, yana warin ƙonannen zare.

"Murhun naki ya ci min hula," ya ce. "Sabuwa ce kuwa."

"Baba, hular ka fara sa wa? Don girman Allah ka gaya min. Hular ka fara sa wa?"

"Hula."

Kukan da ta riƙe tun daga ɗakin na'urori ya ƙwace mata. Ta kifa kai a gwiwarsa tana alhamdulillahi ba adadi, Benjamin a tsaye a bayansu yana cewa mun gode wa Ubangiji, mun gode wa Ubangiji. Ta faɗi komai a cikin kukan, yadda ta ji tsoron takarda ta bar wuta a kunne, yadda ta manta da zancen gada. Ta ce ya yafe mata. Ya dafa kanta ya bar ta ta gama.

"Ke kin manta abin da aka ba ki labari," ya ce. "Ni da na haɗa da hannuna fa? Ban tuna ba sai da na ji wari." Ya kai yatsa zai ƙwanƙwasa goshi yadda ya saba, sai ya sauke hannun a hanya. "Ashe gara tana ci."

Ta yi dariya cikin hawaye. Hankalinta ya fara dawowa, ta soma ganin abubuwa ɗaya-ɗaya. Gaban rigarsa a jiƙe yake sharkaf har ciki. Jarkar ruwan da ya saba wuni da ita tana kwance a gefe, babu ko ɗigo. Ta tambaya, ya ce zafi ne ya dame shi ya watsa ruwa. Ta yarda, don tana son yarda.

"To, kuka ya isa," ya ce. "Gari na jira. Wancan zaren ya mutu, wutarki ta cinye shi, amma sauran goma sha ɗaya lafiyarsu ƙalau. Benjamin, miƙo min bakin wayar nan da akwati."

Benjamin ya jawo baƙar robar daga rami ya ɗora masa a cinya. Malam Na'Allah ya laluba ya kama, ya baza zarurrukan a tafin hannunsa kamar yadda ya yi sau dubu. Ya sunkuyar da kai. Ya ɗago tafin kusa da fuskarsa, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen rana. Khairat tana zaune tana goge fuska da mayafi, tana jiran ya zaro na farko.

Bai zaro ba. A lokacin ne ta lura da inda take zaune. Ta hagunsa take. Shi ya gyara zama ya ajiye ta a nan, tun zuwanta, kuma bai taso ta ba.

"Khairat," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta a wurin aiki ba. "Wanne ne shuɗin?"

Ta tashi. Ƙafarta ɗaya ba takalmi, ta zagaya ta gabansa zuwa dama, ta durƙusa, ta kama hannun da yake kare fuska da shi ta sauke a hankali. Bai hana ta ba. Idon ya yi jawur, ruwa na bin kuncinsa yana shiga gemu. A tsakiyar baƙin idon akwai wani farin tabo kamar ɗigon nono.

"Baba, ka ce hula."

"Na ce hula. Amma ido na fara, da na ji zafin ne na cusa shi a cikinta." Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "Na ji yadda kika kira ni daga bakin hanya. Na ce bari yarinyar nan ta sami numfashi tukuna."

"Me kake gani?"

"Ina ganin akwai rana. Ina ganin akwai mutum a gabana." A karon farko ta ji tsoro a muryar mahaifinta, tsirara, babu wasa a kansa. "Na zauna ina jira ya washe. Tun ɗazu nake jira."

Ta karɓe zarurrukan daga hannunsa ta zubar a ƙasa. Injin haɗin da ba ya yarda kowa ya taɓa, a buɗe suka bar shi a gindin kaɗanya. Ita da Benjamin suka kama shi ya miƙe, ya ce a ba shi hularsa, ba zai shiga asibiti kai a buɗe ba. Ta sa masa da hannunta, hujin yana saitin goshi. Benjamin ya hau gaba, suka sa shi a tsakiya, ta hau baya ta zagaye shi da hannu biyu.

Suka kama hanyar gari. Babu taƙi ɗaya na gefen titin nan da bai haƙa ba, ya san kowane rami da kowace bishiya. Sun yi 'yar tafiya, ƙarar tayar ta canja, iska mai sanyin ruwa ta buso su, sai ya juyo da kansa kaɗan.

"Ina muka zo?"

"Gada, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Nan ne," ya ce. "Taku goma sha biyu daga ƙafar gadar, ta yamma. Idan kin sami takarda, ki rubuta."